Gishirin Kafaran Kalla

A zamanin mulkin Anasara akwai wani masauki a bakin hanyar da ta taso daga Madawa ta nufi Buza, an wuce Galma amma ba a kai Tama ba. Kamfama ake ce masa. Ɗakuna biyu ne na laka da rumfa a gaba, sai madafa a baya da turken dawaki. Duk Anasaran da rana ta dafa a hanya, likitan shanu ne ko mai awon hanya ko kumandan da kansa in ya fito rangadi, nan yake sauka ya ci abinci ya yi ƙailula.

Ɗayyabu shi ne kuku. Mutanen ƙauye sun daɗe suna yi masa dariya, wai ƙato da gemunsa yana yanka albasa, amma dariyar ba ta taɓa shigarsa ba, don yana da ji da kai daidai na mutum uku. A ganinsa, daga Madawa har Keita babu mai iya sarrafa zabo kamarsa, kuma ba ƙarya ya yi ba. Yakan soya shi da man shanu, ya zuba albasar fadama har ta narke, ya jefa kimba da masoro, sannan ya tsaya a kan tukunya yana ɗanɗanawa yana lumshe ido kamar mai sauraron waƙa.

Abokan aikinsa biyu ne. Tabawa dattijuwa ce da mijinta ya rasu, ita ke ɗebo ruwa da daka da wanki. Altine kuwa, dogo marar son magana, shi ke kula da dawaki da itace. Cikinsu babu wanda son Faransa ya kawo shi. Altine gudun aikin hanya ya yi, inda ake kwasar maza su fasa duwatsun Adar rana tsaka ba lada, don mai aiki a kamfama ba a taɓa shi. Tabawa sauran hatsi take kai wa jikokinta. Shi ma Ɗayyabu gudun dutse ne ya kawo shi, sai daga baya tukunya ta shiga ransa.

Shugabansu wani tsoho ne, Maiguwa, wanda kunnensa na hagu ya mutu tun yana saurayi. Ubansa yana cikin masu yi wa dutse yanka, shi kuwa yana salla, ko da yake in ya zo wucewa ta gindin dutsen yakan ɗan rage sauri. Wanda ya gan shi sai ya ce ba ya aikin komai. Yana zaune a kan buzu gindin gawo yana tufkar igiya tun safe. Amma tukunya ba ta fita madafa sai ya ɗanɗana.

Wata rana ya lashi cokali, ya ce, "Ɗayyabu, wa ya ɓata ma rai yau?"

"Ba kowa, Baba."

"To, miyar ga ta ce akwai. Koma ka lallashe ta."

Haka yake. In baƙo ya yi faɗa, Maiguwa ne ke zuwa ya tsaya, ya juya masa mataccen kunnen yana gyaɗa kai har Anasaran ya gaji, kuma ko kalma ɗaya ba ta isa madafa. In baƙo ya yaba, sai ya ƙwala kira, "Ɗayyabu, fito a gan ka!" In damina ta faɗi ya sallami Tabawa ta je ta yi shuka, shi da kansa ya ɗauki tulu. Saboda haka Tabawa takan tace ruwan baƙi da ƙyalle har sau biyu ba wanda ya sa ta, Altine kuma yakan duba kofaton kowane doki ya cire tsakuwa, ko da mai dokin bai san ana yi ba.

Shekarar da yaƙin Anasara ya yi zafi, sukari da yadi suka ɓace a kasuwa, aka kawo sabon kumandan Madawa, matashi mai gaggawa. Ya iso kamfama ya tarar da Maiguwa zaune. Kafin tsohon ya tattara gwiwoyinsa ya miƙe, kumandan ya riga ya yanke hukunci. Ba a yi wata guda ba aka sallame shi, ya naɗe buzunsa ya koma gida.

Ɗayyabu ya yi baƙin ciki, amma a ƙarƙashin baƙin cikin akwai wani abu dabam. Ya tabbata shi za a ba wurin. Har ya sa matarsa Husaina ta wanke masa rigar salla.

Ta ce, "Wa ya ce maka kai ne?"

"Wa za a ba in ba ni ba? Altine?"

Rigar ba ta gama bushewa ba aka kawo Kafaran Kalla, wato kofur, aka ba shi wurin.

Kalla tsohon soja ne da ya dawo daga hayin teku da ɗingishi da jar hula da Faransanci cikin cokali. Ana cewa a can ma'ajin barguna ya tsare, amma shi labarinsa dabam ne, kuma kullum yana ƙara tsawo. Ranar da ya iso ya zagaye kamfama hannu a baya, ya rataye wani guntun ƙarfen mota a reshen gawo, ya buga shi har jakunan ƙauye suka amsa.

Ya ce, "Daga yau nan bariki ne. In kun ji ƙarfen ga, ku yi sahu. Ba Baba, ba Malam. Shef za ku ce mini. In na yi magana ku ce, wi shef. Kun ji?"

Tabawa ta ce, "Mun ji, ɗan nan."

"Wi shef!"

"To, wi shef, ɗan nan."

Tun daga ranar, kowace safiya rundunar Kalla mai mutum uku take fitowa fareti. Ya daka tsawa, "Gardabu!" su ƙame. Da yake babu bindiga, sai ya ce kowa ya saɓa kayan aikinsa. Tabawa ta saɓa taɓarya, Altine gatari, Ɗayyabu muciya. Matan ƙauye masu zuwa rijiya suka riƙa sauke tuluna a bakin hanya don su yi kallo a natse. Ya kuma kafa doka cewa duk wanda zai shiga gaban baƙo ya yi murmushi, don a bariki ba a son fuskar makoki. Altine, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa ba, ya riƙa yaƙe baki har wani Anasara ya tambaya ko ciwon ciki ke damunsa.

Duk wannan Ɗayyabu ya daure, don madafa tana hannunsa. Sai wata rana da hantsi Kalla ya leƙo ya gan shi da cokali a baki.

"Ashe! Abincin Faransa kake ci?"

"Ɗanɗanawa nake, shef. In ba a ɗanɗana ba, yaya za a san gishiri?"

"A soja ba a ɗanɗanawa, ana bin oda. Cokali yau, gobe cinyar zabo, jibi zabon gaba ɗaya. Na san irinku. In na sake ganin bakinka ya motsa a madafar ga, aikin hanya za ka."

Ɗayyabu ya koma dafuwa da hanci da ido, kuma da yake hannunsa ya saba, abincin bai lalace ba. Har ma wata rana likitan shanu ya sauka, ya ci zabo, ya suɗe yatsu, ya tambayi wa ya dafa. Ɗayyabu yana bayan zana yana ji. Ya goge hannu a wando, ya gyara hula, ya ɗaga ƙafa zai fito. Sai ya ji Kalla ya bugi ƙirji ya ce, "Mwa!" wato ni.

Ƙafar da ya ɗaga ya mayar inda take. Ya koma ya zauna a kan turmi. Tabawa ta dube shi, ta ci gaba da bakace.

Da la'asar ya je gidan Maiguwa ya zazzage masa duk abin da ke cikinsa. Tsohon ya saurara da kunnen kirki, yana tufka.

Ya ce, "Mutumin ga tsoro yake ji. Can inda ya fito tsawa anka yi masa, ita kaɗai ya kawo tsaraba. Ka yi aikinka."

"Don wa, Baba?"

Maiguwa ya ƙulle bakin igiyarsa. Can ya ce, "Ni dai in ka dafa ka kawo, zan ɗanɗana."

Amsar ba ta ishi Ɗayyabu ba. Washegari ya shiga madafa da sabuwar dabara. Tun da a soja oda ake bi, shi ma oda zai bi. Ya ɗora tukunya, ya fito ya ƙame gaban Kalla.

"Shef, gishiri nawa za a sa?"

Kalla bai taɓa dafa ko ruwan zafi ba, amma a rayuwarsa bai taɓa cewa ban sani ba. Ya ce, "Tafi ɗaya."

"Wi shef. Barkono fa?"

"Shi ma tafi ɗaya."

"Wi shef."

Ba su haɗa baki ba, amma cutar ta kama sauran. Tabawa ta ci gaba da cika randuna, sai dai ta daina tacewa, tun da oda ta ce a cika ne. Altine yakan ɗaure doki ya ba shi ciyawa, kofato kuwa babu shi a cikin oda. Sahu ya ƙara miƙewa, "wi shef" ya ƙara ƙarfi, murmushi ya ƙara faɗi. Kalla ya ga rundunarsa ta ladabtu, ya ƙara ƙiba. Dawakin baƙi suka fara barin kamfama suna ɗingishi kamar shugabanta.

A gida Husaina ta lura mijinta ya daina dawowa da labarin miya. Da can sai ta toshe kunne saboda bayanin albasa.

Ta ce, "Maigida, kai da kake faɗa da ni a kan daddawa, yanzu ko tuwon jiya na ba ka ba ka magana. Lahiya?"

"Jira nake."

"Jiran mi?"

"Ranar da Anasara zai tofa abincin Kalla a fuskar Kalla."

Ranar ta zo bayan girbi. Wani gardi, ɗan sandan kumandan, ya iso a kan doki da saƙo cewa babban mai duba aiki yana tafe daga Yamai, kumandan na rakiyarsa, kuma a kamfama za su ci abincin rana. Kalla ya rikice. Ya sa Altine ya kwaso duwatsu ya jera tun daga bakin hanya har rumfa, aka shafe su da farar ƙasa. Aka shafe gindin gawo. Aka shafe turken dawaki. Tabawa ta ce in ta tsaya wuri ɗaya ita ma shafe ta za a yi. Aka yi ta fareti safe da yamma, ba wanda ya tuna da share ɗakunan baƙi, don ba a ba da oda ba.

Maigarin ƙauyen ya aiko da zabi masu ƙiba, ba don yana so ba. Ɗayyabu ya fige su, ya ga kitse rawaya a ƙarƙashin fata, zuciyarsa ta motsa. Irin zabin da yake mafarki ne. Hannunsa da kansa ya nufi kimba. Ya tsaya, ya tuna bayan zana da ƙafarsa a sama. Ya ajiye kimbar ya fita.

"Shef, gishiri nawa?"

Kalla yana gyara jar hularsa. Ya ce, "Kullum nawa kake sawa?"

"Tafi ɗaya."

"Wannan na ƙananan baƙi ne. Babban baƙo, babban gishiri. Sa uku."

"Wi shef!"

Ya zuba ukun, ya bi da barkono daidai da shi. Yana juyawa idonsa yana hawaye, shi kansa bai san ko yaji ne ba ko zabin yake tausayi. Da miyar ta yi, ya ɗiga kaɗan a ƙasa gaban karen da ke yawo a bayan madafa. Karen ya shinshina, ya dube shi, ya tafi.

Baƙi suka iso da azahar a cikin mota. Mai duba aikin tsoho ne jajir, mai ƙaton tumbi, da lofe a baki wanda ba ya cirewa sai zai yi tari. Kalla ya buga ƙarfe, runduna ta yi sahu, ya yi tsawa, taɓarya da gatari da muciya suka hau kafaɗa. Tsohon ya tsaya, ya dubi fararen duwatsu, ya dubi Tabawa ƙame da taɓarya tana murmushin dole, ya fashe da dariya har lofen ya faɗi. Ya sa aka ɗauki hotonta. Ya dafa kafaɗar Kalla.

Aka kai abinci. Ɗayyabu ya laɓe a bayan zana ya sa ido a wata kafa, Tabawa da Altine suna bayansa. Kumandan ya kai loma ɗaya, fuskarsa ta sauya, ya kai hannu ga ruwa, ya ga abin da ke iyo a ciki, ya janye hannun. Ɗayyabu ya ji daɗi har cikin ƙashinsa. Saura babban.

Babban ya ci. Ya sake ci. Gumi yana zuba a wuyansa, yana fyace hanci, yana ci. Shekarun da ya yi yana shan taba da maganin zazzaɓi mai ɗaci sun kashe masa harshe, a duk ƙasar nan abinci yana yi masa kamar dafaffen tsumma. Yau ne ya ji wani abu a bakinsa. Ya nemi ƙari. Da kumandan ya ga haka sai shi ma ya ɗauki cokali, ya ci gaba da ci yana hawaye yana yabawa, don shi ma yana da shef.

Da aka gama, tafinta ya fito ya faɗa wa jama'a abin da babban ya ce. Wai tun da ya baro Yamai bai ga masauki mai tsari irin wannan ba, ma'aikata masu fara'a, abinci mai rai. Wai nan aka gane in an samu shugaba na gari, baƙar fata ma yana son aikinsa. Kalla ya ƙame har yana rawa.

Ɗayyabu ya zame ya zauna a ƙasa.

Tabawa ta ce, "Tashi, ɗan nan, akwai wanke-wanke."

"Inna, kin ga ya cinye?"

"Na gani."

"To duk shekarun ga da nake tsaye a kan tukunya, wa nake yi wa?"

Altine, wanda bai cika magana ba, ya ce, "Da Baba Maiguwa kake hira, ba ka sani ba."

Aka ƙara wa Kalla igiya a hannun riga. Aka ba da umarni masu kula da sauran masaukai, har na wajen Keita da Babankatami, su zo su koyi aiki a wurinsa. Suka zo, suka koyi buga ƙarfe da shafa farar ƙasa, suka koma suka hana kukunsu ɗanɗana miya. Ba a daɗe ba duk hanyar ta zama fari fat, Anasara masu sauran harshe kuma suka koma tafiya da gwangwanin kifi a jaka.

Ɗayyabu bai bar aiki ba, don barin kamfama yana nufin komawa fasa dutse. Ya zauna yana bin oda har yaƙi ya ƙare. Kullum yana fitowa sahu a kan lokaci, murmushinsa ya fi na kowa, Kalla yana nuna shi ga baƙi a matsayin misali. Maiguwa ya rasu a cikin waɗannan shekarun. Ɗayyabu ya yi niyyar dafa masa zabo ya kai, yau gobe, yau gobe, har aka binne shi bai kai ba.

Sai wata rana da hantsi, bayan yaƙi, wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya tsaya shan ruwa ya ba da labari cewa an soke aikin dole, daga yanzu ba a kama kowa zuwa hanya. Altine ya sa ya maimaita. Da ya maimaita, Altine ya jingine gatari a jikin turke ya kama hanyar garinsu, ko sallama bai yi ba. Tabawa ta ce ita tana nan, jikoki ba su daina cin hatsi ba. Ɗayyabu kuwa yana da tukunya a wuta, ga wani baƙo a rumfa yana jira. Ya dubi tukunyar, ya wanke hannu, ya ɗauki hularsa ya fita ta baya.

Ya yi nisa cikin karan gero sai ya ji ana kiransa. Kalla ne, yana gudu da ɗingishinsa, hula a hannu.

"Ɗayyabu! Malam Ɗayyabu! Tsaya don Allah. Baƙo shina jira."

"Na sani."

"Mi kake so? Hwaɗi, in yi maka. In kana so a ce maka shef na madafa, daga yau an ce. Fareti ma ka bari, Tabawa ta isa."

Ɗayyabu ya tsaya ya yi tunani da gaske, don tun da Kalla ya zo ba a taɓa tambayarsa abin da yake so ba. Ya laluba cikinsa, ya tarar babu komai a kamfamar da yake so, ko shugabancin da ya taɓa wanke wa riga. Mutumin da ke gabansa yana haki, gumi a goshi, ya ba shi tausayi kaɗan, amma tausayin bai kai na komawa ba.

Ya ce, "Shef, wutar tana da yawa, a rage itace kada miyar ta kama."

Ya juya ya tafi.

Daga baya Tabawa ta ba shi labari a bakin rijiya. Kalla ya koma ya shiga madafa da kansa, ya ƙone hannu, ya ƙone miya, ya kai wa baƙon haka nan yana gardabu. Baƙon ya cinye, ya ce a gaishe da kuku.

Ɗayyabu ya nemi wani yanki a fadama wajen dangin Husaina ya kama noman albasa, kuma albasarsa ta yi suna a kasuwar Tama. Kalla ya riƙe kamfama har ya tsufa, kuku yana zuwa yana tafiya, ba wanda ya kai damina biyu. Duk wanda ya tambaye shi dalili, sai ya girgiza kai ya ce mutanen yanzu ba su son aiki.